Ina ƙwayoyin suke sauka a tayin ɓera na kaimera?

Tun 1961 Andrzej Tarkowski ya nuna cewa ana iya manna tayin ɓera biyu su zama ɗaya, abin da ake kira kaimera. Mannawar ba ta da wuya sosai. Wuyar tana wajen gane dalilin da ya sa ƙwayoyin halitta (sel) na kowane ɓangare suka zauna inda suka zauna.

Ana ɗebo tayin kwana biyu da rabi bayan barbara, lokacin yana ƙwaya takwas, ta hanyar wanko bututun ƙwai da ruwan riƙe tayi mai suna M2. Sai a cire ɓawon da ke lulluɓe da shi, wato zona felusida, da ruwan Tyrode mai tsami, pH 2.5. A nan aka fi yin ɓarna. Kada ido ya bar madubin ƙara girma: da zarar ɓawon ya narke, a kwashe 'yan tayin a ɗauraye sau da yawa, domin ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya illata ƙwayoyin. Daga nan a sa su biyu-biyu cikin ɗan ramin da aka lotsa da allura a gindin faranti, a ɗigon ruwan renon tayi mai suna KSOM ƙarƙashin mai, zafi digiri 37, iskar CO2 kashi 5 cikin 100. Ramin shi ke hana su mirginewa su rabu. Washegari sun dunƙule, suna shirin zama bilastosis guda, wato tayi mai kogo da ke da ƙwayoyin waje da dunƙulen ƙwayoyi a ciki.

Mai sabon hannu yakan zaci zai tarar da su sun cakuɗe. Ina! A 1974 Garner da Anne McLaren sun nuna cewa kafin tayin ya dasu a mahaifa cakuɗuwar kaɗan ce. Kowane ɓangare yana zaune kusan a gefensa. Sai bayan dasuwa ne ƙwayoyin efibilas, waɗanda za su gina jikin ɓeran, suke gauraya sosai.

Shi ya sa ba na amincewa da hoto guda. Idan an yi wa ɓangare ɗaya alama da GFP, furotin mai hasken kore, a daskarar da tayin da sinadarin farafomaldihaid kashi 4 cikin 100, a rina furotin Cdx2 don gane ƙwayoyin waje da furotin Oct4 don gane dunƙulen ciki, sannan a ƙirga ƙwaya-ƙwaya tun daga sama har ƙasa da madubin konfokal, mai ɗaukar hoton tayin yanka-yanka. Yanka ɗaya zai iya faɗawa gefen kore zalla ya ruɗe ka.

Akwai kuma tarkon shekaru, ko in ce na sa'o'i. Tayin da ƙwayoyinsa suka ɗan riga na ɗan'uwansa rabuwa yakan fi samun wuri a dunƙulen ciki. In ba a daidaita matakinsu ba, sai a ɗora wa ƙwayar gado laifin da ba nata ba. Maganinsa a juya gwajin: alamar ta koma ɗaya ɓangaren, a kuma haɗa iri ɗaya da iri ɗaya don kwatance.

Tayin da aka ninka masa kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ta hanyar haɗe ƙwayoyinsa biyu na farko da lantarki labarinsa daban: in an manna shi da tayi na yau da kullum, a bilastosis ana ganin ƙwayoyinsa ko'ina, amma daga baya sai su ɓace daga efibilas, su rage a mabiyiya da jakar kwanduwa.