Awon Zabi Yana Canzawa Da Lokaci

Shekarar da na fara tsare zabi a ɗaki, a bayan gidanmu da ke Samaru, awo ɗaya na yanka musu: dawa da dusa, safe da yamma, rani da damina. Guda 14 ne. Ƙasan ɗakin kuwa na sa an shafe shi da siminti don shara ta yi sauƙi.

Da sanyin Disamba ya kankama, wata asuba na kama zabuwa ɗaya, sai na ji ƙashin ƙirjinta a tafin hannuna kamar bakin wuƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ba su taɓa kwana da yunwa ba. Na duƙa na duba kashinsu, ga ƙwayar dawa nan ta fito yadda ta shiga, ko fashewa ba ta yi ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya tsufa cikin kiwon kaji, ya leƙa ɗakin ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, da me za su niƙa? Ka hana su tsakuwa." Na ce, "Baba, ai abinci nake ba su." Ya ce ƙundu shi ne dutsen niƙan tsuntsu tunda ba shi da haƙori, kuma zabon da ke yawo shi yake tsintar tsakuwarsa a ƙasa. Ran nan na zuba musu ƙananan tsakuwa cikin kasko, suka yi mata caa kamar an watsa gero.

Sauran rabin matsalar sanyi ne. Zafin jikin zabo yana wajen digiri 41, kuma da abin da ya ci yake riƙe wannan ɗumin cikin daren hunturu. Sai na ƙara awon yamma, na haɗa da masara, na toshe gefen arewa maso gabas da buhuna, inda iska ke shigowa. Cikin 'yan makonni ƙirji ya fara cika.

Bazara kuma akasin haka ce. A watan Afrilu za ka gan su baki buɗe, fukafukai a sake, abincin rana ko kallo bai ishe su ba. Na koma ba su da sassafe da bayan la'asar, ruwa kuma a tukunyar ƙasa cikin inuwa.

Da ruwan sama ya sauka suka fara ƙwai, buƙatar ta sake sauyawa. Hatsi kaɗai ba ya isa, domin a daji lokacin ne suke samun gara da fara da ɗanyen haki. Na riƙa tono musu gara, na ƙara garin waken suya da garin ƙashi saboda ɓawon ƙwai. Ƙwai goma sha biyun farko na sa wa wata kazar gida, a kwana na 27 na ji kukan 'yan tsaki a ƙarƙashinta.