Taswirar da na zana ta kwalekwalenmu ce, ba ta kifayen wel ba

Har yau in na buɗe littafin da na cika a kakar farko a Dixcove, sai in ji wani abu ya tokare min maƙoshi. Littafi ne tsaf, babu gogewa babu tsallake. Fita 34 muka yi tsakanin Agusta da Nuwamba, kuma duk lokacin da wel mai doro ya huro iska ko garken dolfin ya ɓullo, na danna GPS, na rubuta lokaci, na ƙirga su, na ɗauki hoto. Kuɗin mai kaɗai ya kusa cinye rabin tallafin da muka samu. Amma da aka zo kan abin da muka fita nema, wato nuna wane yanki ne dabbobin nan suka fi dogara da shi a gaɓar yammacin Ghana, littafin nan bai iya amsa tambayar ba. Laifin kuwa nawa ne ni kaɗai.

Ni ɗan Zangon Sekondi ne. Teku na gani tun ina yaro, amma daga bakin gaɓa. Mahaifiyata har yanzu "kifin Annabi Yunusa" take ce wa wel, kuma duk safiyar da zan fita sai ta kira ni ta ce, "Ka yi addu'ar shiga jirgi dai." Burinmu a ƙaramar tawagarmu shi ne mu tara hujjar da wata rana za ta shiga tsarin IMMA, wato tsarin tantance wurare masu muhimmanci ga dabbobin ruwa masu shayarwa, wanda kwamitin ƙwararru na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya fara a 2016 da taron Chania a tsibirin Kirit. Wanda ya san tsarin ya san ba doka ba ce, ba ya hana kowa kamun kifi. Alama ce a taswira da ke cewa wurin nan yana da muhimmanci ga dabbobin ruwa masu shayarwa, a yi hattara. Sai dai a ruwa irin namu, inda filin mai na Jubilee yake aiki tun 2010 a can gaban Cape Three Points, tsinin ƙasar da ya kutsa cikin teku a yamma da Dixcove, ga manyan jirage suna kai da komo, ga ragar da masunta ke saki ta bi ruwa da dare, alamar nan ba ƙaramin abu ba ce.

Da kaka ta ƙare na zuba lambobina a kwamfuta, ɗigo-ɗigo suka taru cunkus a gaban Dixcove da Busua. Murna ta kama ni. Na ja layi na kewaye wurin, na rubuta shafi shida ina bayanin cewa ga matattarar wel mai doro, ga shaidar uwa da ɗa har sau biyar, wanda ya dace da sharaɗin IMMA na wuraren haihuwa. Na aika wa wata babbar mai bincike da ta shekara da shekaru tana wannan aiki a Tekun Gini, ina jiran yabo.

Amsarta ba ta kai layi huɗu ba. Ta yaba hotunan, sannan ta ce in turo mata layin tafiyar jirgin na kowace rana, da yanayin teku na kowace sa'a. Na ce mata ba ni da su, don ina kunna GPS ne kawai in mun ga wani abu, saboda in tanadi batir. Sai ta kira ni a waya. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Ɗana, daga ina kuke tashi kullum?" Na ce Dixcove. "Ina kuke komawa?" Na ce Dixcove. Ta ce to ke nan kowace rana sau biyu kuke ratsa ruwan nan, fita da dawowa, sau 68 a kaka guda. Yammacin Cape Three Points fa, sau nawa kuka je? Na duba ƙwaƙwalwata, bai wuce sau huɗu ba, su ma ban iya cewa ga nisan da muka kai ba. Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Saboda batir. Batir ɗin da ake sayarwa a kowane kanti a bakin tashar mota. Shi na yi wa tattali, na zubar da aikin wata huɗu.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, "ba mu ga komai ba" shi ma sakamako ne, kuma da shi ake auna sauran. In ka ce ka ga wel goma a wuri, ba ka faɗi komai ba sai ka ce cikin tafiyar kilomita nawa. Goma cikin kilomita 600 daban, uku cikin kilomita 40 daban, kuma na biyun ne ya fi nuna matattara. Ni na rubuta ganin, na watsar da neman. Ranakun da muka wuni muna ƙona mai, rana na dukanmu, ido ya yi ja, babu ko ƙyallin baya ɗaya, su ne na riƙa barin shafinsu fari ina cewa yau an yi asara. Ashe su ne rabin aikin.

Yanayin teku ma haka. Kakar sanyin ruwa a gaɓar Ghana, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa ya kawo abincin da kifin sadin ke bi, ba kullum teku ke kwanciya ba. Da zarar iska ta kai mataki na 3 a ma'aunin ƙarfin iska na Bofot, farin kumfa ya fara fashewa a kan igiyar ruwa, ƙaramin dolfin zai iya wucewa kusa da kai ba ka gan shi ba. Da safe muke fita ruwa na kwance, muna kusa da gida. Kafin mu yi nisa iskar rana ta taso. Ke nan kusa da Dixcove muke da ido mai kyau, can nesa kuwa kusan a makance muke tafe. Kuskure biyu suka haɗu suka tura ɗigona wuri guda, ni kuma na ɗauka Allah ne ya nuna min matattara.

Wani abin da ke ƙara min zafi shi ne bosun ɗinmu, wato shugaban kwalekwalen, dattijo Bafante da ya fi shekara talatin a ruwa, ya gaya min tun a makon farko. Da hannu ya nuna yamma ya ce masu 'ya'ya can suke kwanciya, bayan fitilar Cape, wajen Princes Town. Na ce masa, "Egya (wato baba da Fantanci), za mu je," amma nisan na cin mai, kuma tunda muna gani a kusa sai na ga babu dalili. Ban rubuta maganarsa a ko'ina ba. Yanzu ina da littafi daban na hirar masunta, kuma ranar Talata, da ba a shiga teku a garuruwan nan, ita ce ranar da nake zama da su a ƙarƙashin rumfa suna ɗinkin raga. Su ne ke gaya min wace irin dabba ce ke faɗawa ragarsu, a wane wata, a zurfin gaba nawa. Dixcove da Axim da Apam sun daɗe da sanuwa wajen masu bincike a kan dolfin da ake saukewa a gaɓa. Ba abu ne mai daɗin gani ba, kuma sai sun yarda ba ka zo tona musu asiri ba ne suke buɗe baki.

Kaka ta biyu na sake komai. Kafin mu taɓa ruwa na zana layukan da za mu bi a kan taswira, zigzag daga gaɓa zuwa zurfi, daga gabashin Dixcove har kusa da Axim, kowane yanki da rabonsa daidai. GPS biyu, ɗaya a ɗaure jikin katakon kwalekwale, ana kunna shi kafin a tayar da inji, ba a kashewa sai an ja jirgi kan rairayi. Batir cike da gwangwanin madara. Duk rabin sa'a, ko mun ga abu ko ba mu gani ba, in rubuta iska, hasken rana a ido, hazo, da wanda ke tsaye yana dubawa. In muka bar layi don bin wata dabba mu ɗauki hoton wutsiyarta, sai in rubuta "mun sauka daga aiki", in mun dawo in rubuta "mun hau". Wasu ranaku muka kwana a yamma don mu fara daga can da sassafe, ruwa na kwance. Yaran jirgi ba su ji daɗin wannan tsari ba ko kaɗan. Ga wel can yana tsalle a nesa, ni kuma ina cewa a ci gaba da bin layi. Sai da bosun ya sa baki suka bari.

Gani ya ragu, ƙasa da na kakar farko. Na ji tsoro da farko. Amma da na raba adadin da kilomitocin da muka bi cikin yanayi mai kyau, cunkoson gaban Dixcove ya baje, ya zama daidai da sauran wurare. Inda uwa da ɗa suka fi fitowa a lissafinmu shi ne yammacin Cape, inda hannun dattijon nan ya nuna. Kaka guda ce tak mai tsabta, don haka ban sake jan layi na kewaye ko'ina ba. A tsarin IMMA akwai matakin da ake ajiye wuri a matsayin wanda ya cancanci a sa masa ido kafin hujja ta cika, kuma can nake ganin namu ya dace a yanzu. Da na miƙa wa masu tsarin IMMA takardata ta farko yadda take, da na nuna wa masu tsara hanyar jirage wurin da ba shi ba, na bar ainihin wurin a buɗe. Wannan tunanin ne ke hana ni barci wani lokaci, fiye da kuɗin man.

Ba duka littafin farko ne ya mutu ba. Hotunan wutsiya sun rayu, domin zanen fari da baƙi na ƙarƙashin wutsiyar wel mai doro kamar zanen yatsa yake, kowanne da nasa. Na ɗora su a Happywhale, shafin intanet da ke gane kowane wel ta hoton wutsiyarsa, suna can suna jiran ranar da wani zai ɗauki ɗaya daga cikinsu a Gabon ko a can kudu cikin ruwan ƙanƙara inda suke kiwo. Shaidar cewa ana zuwa da jarirai ruwan Ghana ma tana nan. Abin da ya tafi shi ne amsar "ina", ita kuwa ba ta dawowa, don ba wanda zai iya tuna hanyar da kwalekwale ya bi wata safiyar Satumba shekara biyu da suka wuce.

A makon ƙarshe na kaka ta biyu, wajen ƙarfe bakwai na safe, muna kan layi na tara a yammacin fitilar Cape, yaron da ke gaba ya ɗaga hannu. Bosun ya rage inji. Uwa ce kwance a saman ruwa kamar gungumen ƙirya, ɗanta na kewaya ta, fatarsa da sauran haske, yana huro ɗan ƙaramin numfashinsa sau uku kafin ita ta huro sau ɗaya. Muna jin ƙarar fitar iskar daga inda muke. Kafin in ɗaga kyamara sai da na sunkuya na duba GPS ɗin da ke ɗaure a katako, na ga layin yana nan yana tafiya tun daga gaɓa. Bosun ya kalle ni ya ce, "Ka rubuta?" Na ce, "Na rubuta, Egya."