Talata: ciniki uku da suka ɓace a lissafin Kawu

Ban gama karin kumallo ba Kawu ya kira daga shagonsa na kasuwar Kara. "Ɗana, wanga lissahi naka bai cika ba. Littahi na cewa daban, kwamfuta na cewa daban." Wata biyu ke nan da na rubuta masa 'yar manhaja da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, don ajiye cinikin gero da shinkafa. Na ce, "To Kawu, ina nan tafe." Na hau kabu-kabu daga Mabera, rana tun ƙarfe goma ta fara dukan ƙeya.

Gaskiyarsa ce. Ciniki uku na jiya babu su a jimilla, kuma manhajar ba ta ce uffan ba. Shirun nan ne ya fi damuna. Da na buɗe rubutun sai na ga aikin hannuna: na kewaye wurin karanta farashi da try, a ƙarƙashin except kuma na sa pass. Wato na ce mata duk kuskuren da ta gani ta haɗiye, ta wuce. Na yi haka ne don kada ta tsaya a gaban yaron shago, ashe dukiyar mutane nake rufe wa ido.

Na goge layin, na ɗora bayanan jiya a Jupyter, wurin da ake gwada rubutun Python gaɓa-gaɓa, na sake kunnawa. Nan take manhajar ta faɗi da ValueError, wato an ba ta abin da ba ta iya karɓa ba. Ban rufe komai ba, na buga %debug, dibaga, wato abin bin sawun kuskure a manhaja, ta ajiye ni daidai inda abin ya karye, kowane ma'ajin bayani a manhajar yana riƙe da abin da ke cikinsa kamar an tsayar da agogo. Na buga p farashi, wato ta nuna mini abin da ke cikin farashi. Sai ga "45,000". Waƙafi ne! Yaron ya rubuta kuɗi yadda kowa ke rubutawa a takarda, float kuwa, mai mayar da rubutu lamba, ba ta karɓar lamba mai waƙafi. Na buga u na hau mataki ɗaya zuwa inda aka kira aikin karanta farashin, na ga sunan mai sayen, na duba littafi, shi ne ɗaya daga cikin ukun.

Wannan ne nake so da aiki a manhaja tana raye. Ba ka zato, tambayarta kake tana ba ka amsa. Na gyara aikin karanta farashi a wurin, ba tare da sake ɗora bayanai ba, batirin kuma saura kaɗan don tun asuba babu wuta. Abin da Python ba ta ba ni shi ne ci gaba daga inda ta faɗi. Dole na sake kiran aikin daga farko. Masu amfani da yarukan manhaja na Smalltalk da Lisp sun daɗe da wannan gata, su gyara cikin dibaga su ce ci gaba. A 1999 ma injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, daga nan doron ƙasa suka bi sawun wani kuskure a manhajar Lisp da ke cikin kumbon Deep Space 1, yana can sararin samaniya. Kullum na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan Azahar na zauna kan saiti. A tawa kwamfutar na kunna %pdb on, duk kuskure ya jefa ni dibaga kai tsaye. A ta shago kuwa na sa PYTHONBREAKPOINT=0, wanda ke kashe breakpoint(), umarnin tsayar da manhaja a shiga dibaga. Wannan breakpoint() da ta zo da Python 3.7 a 2018 tana da daɗi amma mutum yakan manta ta a rubutu, yaron ya tarar da allo ya tsaya yana jiran umarnin da bai sani ba. Yanzu idan farashi bai karantu ba, za ta rubuta masa da Hausa cewa ya sake dubawa, ta kuma ajiye cikakken bayanin kuskuren a fayil saboda ni.

Na faɗa wa Kawu laifina ne, ba na yaron ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in bi cinikin wata biyun nan kaf. Na kwafo bayanan a filashi. Zuwa Isha'i na gama makon farko, na sami wasu ciniki biyu da suka ɓace.