Filin da na saya da rani

A watan Fabrairu na fara ganin filin, sanyi ya ja jiki, zafi bai kai ga sauka ba. Dillali ya goya ni a moto, muka bar kwalta, muka bi yashi har muka wuce gida na ƙarshe mai hayaƙi a ciki. Ya tsaya gindin wata aduwa ya miƙa hannu, ya ce daga nan zuwa can. Ƙasa shimfiɗe, iska na kaɗawa, babu warin kwata, babu hayaniyar kowa. Ni da na shekara tara ina haya a Sabon Garin Damagaram, ciki da falo, gida huɗu makewayi ɗaya, sai na ji ƙirjina ya buɗe. Tambaya ɗaya na yi masa, na ce nawa ne. Da ya faɗi kuɗin na ga bai kai rabin abin da ake nema kusa da gari ba, ko gida ban koma na yi shawara ba na ba da kafin alƙalami.

Ku ƙannena da kuka fara ɗaukar albashi, ko kuka fara ganin riba a Kasuwar Dole, na san abin da ke ranku, don ya taɓa zama a nawa. Mai gidan haya ya ƙara kuɗi, matarka ta yi cacar baki da matar maƙwabci a kan igiyar shanya, sai ka rantse ko a daji ne sai ka yi naka. Burin mai kyau ne, ban zo in kashe muku gwiwa ba. Abin da zan ba ku shi ne lissafin da ban yi ba a gindin aduwar nan.

Takarda tukuna, don ita ce ta fi saurin faɗa. Filayen bayan gari gonakin mutane ne jiya-jiya. Idan za a yi lotisma, masu awo su yanka gonar gida-gida, su fitar da hanyoyi, su kafa born, wato turakun iyaka, a kusurwoyi, kowane parsel da lambarsa, masu gonar a ba su kasonsu. Takardar da ke nuna an mallaka maka ita ce akt da ke fitowa daga meri, wato ofishin magajin gari. Takardar shaidar gona da mai gari ya sa wa hannu wata aba ce daban, kuma filin da ba a yanka ba, gobe hanya na iya ratsa tsakiyar ɗakinka. Ni hoton takarda aka nuna mini, sunan da ke kai ba na wanda ya karɓi kuɗina ba ne, filin ya bi hannu uku kafin ni. Wata bakwai na yi ina zirga-zirga kafin sunana ya hau. Na yi sa'a, don na san wanda ya tarar da wani yana zuba harsashi a filin da shi ma yake riƙe da takardarsa. Ka ga takarda ta asali da idonka, ka je meri da kanka a duba lambar, ka biya mai awo ya nuna maka born ɗinka huɗu kafin ka sauke bulo ko ɗaya.

Da na kai wa baffana labari a Birni, yana kishingiɗe a zaure, bai yi mini barka ba. Cewa ya yi, "To, ɗana, ruwa fa?" Na ce ai an ce fanfo na nan tafe, in ma ya yi jinkiri rijiya zan haƙa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ƙishirwar Damagaram da ta sa Nasara ya naɗe tabarmarsa ya koma Yamai, kai ce za ta ragawa?" Na ɗauka zancen tsofaffi ne. Ashe tarihi yake karanta mini. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke shi. Duwatsun nan da muke hawa muna yara, irinsu ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunmu. Shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Mai haƙa rijiyar da na ɗauko ya yi gaba uku, digarsa ta fara tartsatsin wuta, ya fito ya karkaɗe jikinsa ya ce in sallame shi.

Ga abin da ban gane ba sai da na tare. Ruwan da ya yi doguwar tafiya ya shigo gari, sai ya bi unguwannin da ke gabanka kowa ya ɗiba, abin da ya saura ne zai iso ƙarshen bututu, kuma ƙarshen bututu shi ne sabuwar unguwa. Shekara biyu na farko ma bututun bai iso mu ba sam. Da 'yan garuwa muka rayu, su kuwa da nisa da yashi suke yi wa ruwa kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba, duk wanda ya taɓa tura kura cike da bido cikin rairayi ya san dalili. Bidon da ake ba maƙwabtana na da a dala 5, ni a watan Afirilu sai na biya dala 20, ina roƙo ana ja mini rai. Gida mai yara huɗu, wanka, wanki, girki, alwala, ka lissafa da kanka. Da fanfon ya zo kuma, sai muka koyi kwanan zaune. Ƙarfe uku na dare za ka ji bututu ya fara tari, ya yi huci, sannan ya soma ɗiga. Uwargida ta tashi da tocila a baki, ta jera bido da bokiti da tukwane har da butar shayi. In barci ya sace mu a daren, mun yi asarar kwana biyu.

Sai damina ta zo ta nuna mini ɗaya fuskar. Wurin da na gani shimfiɗe da rani, ashe kwari ne, duk ruwan da ya gangaro daga tudun da ke gabas da mu nan yake kwana. Alamun suna nan tun ranar farko, idona ne bai san su ba: ƙasar ta fi ta kewaye duhu, ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, ga karan dawa a wurin alhali duk gonakin gefe na hatsi ne. Wani dattijo da ke wucewa da awakinsa ya tarar da ni ina kwalfar ruwa daga tsakar gida da kwano. Ya ce, "Malam, ai nan tun muna yara muke kamun kwaɗi. Da ka tambaya." Wa zan tambaya? Dillalin da ke jiran la'adarsa kaɗai na tambaya.

Daminar 2024 kowa ya san yadda ta yi da garin nan, har tsohon masallacin Birni da ya ga sarakuna da yawa ya kwanta a farkon Satumba. A wancan makon ne katangata ta yamma ta zube, don na yi ƙwauron siminti a harsashi, na ce wa magini ya rage, ina gaggawar in tare kafin wata ya ƙare kada in sake biyan haya. Ruwa ya yi sati uku a ƙofar gida, sauro ya yi gari, yarana biyu suka kwanta da masassara a lokaci ɗaya. Kuɗin da na yi tsimi a siminti, na kai shi kantin magani da ribarsa.

Saboda haka fili sau biyu ake ganinsa kafin a biya. Ka je a Afirilu da tsakar rana ka tsaya inda mata ke layin ruwa, ka tambaye su nawa bido, yaushe rabon fanfo da zuwa. Ka koma a Agusta washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafa, ba a moto ba, ka ga inda takalminka zai maƙale. In dillali ya ce wani na nan da kuɗi a hannu zai ɗauke kafin lokacin, bar shi ya ɗauka. Garin nan kullum faɗi yake yi, tun da aka buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ba a daina yanka filaye ba.

Wuta ba zan daɗe a kanta ba. Turken ƙarshe yana da nisa da mu, muka ja waya daga wani gida muna raba kuɗi, ƙwan fitila ja kamar garwashi, fanka tana juyi kamar mai jin barci. Da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 sai na ga har na cikin gari sun dawo irinmu, na sayi faranti ɗaya na sola da batir. Da shi na fara tun farko da na huta da rigimar raba kuɗin wuta.

Hanya ita ce ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. A Sabon Gari da ƙafa nake zuwa aiki, yara su tsallaka titi su shiga lakwal, cefane a bakin ƙofa. A nan komai sai an hau. Ɗan kabu-kabu in ya ji sunan unguwar sai ya ninka kuɗi, bayan isha kuwa ko nawa za ka ba shi ba ya zuwa. Wata rana na zauna da biro na haɗa kuɗin ruwa da na moto na wata ɗaya, suka haura jika 20 ɗin da nake ba mai gidan haya ina ƙunƙuni. Daren da naƙuda ta kama uwargida, da amalanken wani mai shanu muka kai ta bakin kwalta, ina riƙe da fitila ina tafiya a gefe, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma babu biron da zai lissafa shi, shi ne rashin mutane. Yawancin filayen da ke kewaye da ni masu su ba su da niyyar zama. Wasu ajiyar kuɗi suka yi suna jiran ya yi tsada, wasu suna Yamai ko Agadas, wasu ma'aikata ne da aka taɓa biyansu bashin albashi da parsel. Sai ka ga kango, fili, kango, gida ɗaya mai mutane, sannan fili har inda ido ya tsaya. Ni da safe in tada moto in shiga gari, in sha shayi a fadarmu, in dawo da labari. Ita kuwa uwargida, wadda ta tashi a gidan yawa a Zango, inda ko gishiri ya ƙare sai ta ɗaga murya ta kan katanga, sai ta wuni ba ta ji sallamar kowa ba. Ban taɓa tambayarta ko tana son tashin ba, albishir kawai na kai mata. Wata rana na dawo na tarar ta kunna rediyo biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a madafa. Na ce lafiya? Ta ce, "Malam, so nake in ji kamar da mutane a gidan." Inna kuwa sau ɗaya ta zo, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "In ka mutu a nan wa zai yi maka salla?" Ranar sunan yaron da aka haifa a daren amalanke, gidan Baffa muka koma aka yi, don mun san ba mai iya zuwa.

Ɓarayi ma sun san unguwar da ba ido. An cire mini ƙofar ƙarfe tun kafin in tare, an kwance mini tunkiya da rana tsaka.

Abin da ya gyara zamanmu ba daga sama ya zo ba. Da muka kai gida tara, wani tela da ya tare bayana ya ce mu kafa rumfar zana mu riƙa jam'i. Daga rumfar nan aka fara sanin juna, aka fara adashi, aka haɗa kuɗin bututun da ya iso layinmu, aka ɗauki mai gadi, aka zuba mota shida ta jar ƙasa a inda ruwa ke yanke mu. Matan suka buɗe nasu adashin, rediyo ɗaya ya koma cikin akwati. Da na san haka, da na riƙe filina na kewaye shi, na ci gaba da haya shekara biyu ko uku ina gini a hankali da harsashi mai tsawo, in tare lokacin da na ƙirga hayaƙi goma a layin. Ko kuma mu haɗu mu huɗu da muka san juna mu saya a jere, mu tare a wata ɗaya. Yau filin ya ninka kuɗinsa, gaskiya ne, masu zuwa suna ce mini na yi dabara. Nakan yi shiru, don ba ni na biya mafi yawan kuɗin dabarar ba, mai rediyo biyu ce.

Makon jiya na ji ƙarar moto ta tsaya bayan gidana, inda kwarin ya fi zurfi. Na leƙa, sai ga wani saurayi da takalmi mai sheƙi, dillali na miƙa masa hannu daga nan zuwa can. Na bari dillalin ya matsa amsa waya, na kira yaron na ba shi ruwa a moɗa. Na ja shi jikin katangata na nuna masa layin da ruwan bara ya bari, ya kai masa gwiwa. Ya duba layin, ya duba takalminsa, ya ce, "Yaya, amma an ce za a yi magudana." Na ce haka aka ce mini ni ma, a 2016. Ya karɓi lambata, ya ce zai dawo a Agusta.