Adakar Kakana a Aboabo

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta bar Akara, ba mu shiga Kumasi ba sai bayan azahar, ko da yake tafiyar ba ta wuce kilomita 250 ba. A Nsawam na sayi burodi ta taga, a Nkawkaw na ɗaga kai na ga duwatsun Kwahu hazo ya lulluɓe su, daga nan barci ya sace ni. Gwaggona na zo gani, yayar babanmu, wadda rabona da ita tun ina firamare.

Tana zaune a Aboabo, cikin unguwannin Zango. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta iya kama sunana. "Uwata, kin sha hanya," ta ce, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Hausarta ta Kano tana nan daram, amma jikokinta Hausar Zango suke yi, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata. Washegari aka kawo mini koko mai yajin citta da ƙosai, da rana kuma waakye, wato shinkafa da wakenmu ne suka riƙe rabin sunan.

A kwana na uku ta sa aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta Kaka ce. Fataucin goro ya kawo shi Kumasi, ya zauna shekaru masu yawa, har zuwa watan Nuwamba na 1969 da gwamnatin Busia, Firayim Ministan Ghana na lokacin, ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice. Ya kwashi iyali ya koma Kano, ya bar adakar a hannun Gwaggo, wadda a lokacin amarya ce a gidan ɗan ƙasa. Bai sake dawowa ba.

Da aka buɗe, warin tsatsa da kafur ya bugi hancinmu. Akwai guntun saƙi mai launin baba, da wuri cikin ƙullin tsumma, da makulli guda, da hotonsa ɗaya sanye da babbar riga, da takardun lissafin goro da ya rubuta da ajami. Can ƙasa kuma ga kwabban Turawan mulkin mallaka masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida. Gara ta riga ta ci gefen takardun. Abin ya dame ni ƙwarai. Damina biyu ko uku nan gaba, a wannan laimar ta Kumasi, ba za a sami abin karantawa ba.

Autar Gwaggo tela ce, tana kuma yin kayan adon bango tana sayarwa. Ita ta ce, "Yaya, mu haɗa su a allo ɗaya mu rataye, kowa ya gani."

Gwaggo ta yarda, amma da sharaɗi. Takardar da ke da bisimilla a kai ba za a shafa mata gam ba, hoton asali ma ba za a taɓa shi ba. Na ga gaskiyarta. Muka yi kwafi, muka zaɓi shafin da ƙidayar huhun goro ce kawai a ciki, na asalin kuma muka naɗe su a farar takarda muka adana inda iska ke shiga.

Sayayya ta kai mu kasuwar Kejetia, inda na riƙe gefen mayafin Auta kamar yarinya don kada in ɓace. Muka sayo farin gam na kafinta, da samfefa, da fenti kala biyu, da buhun algarara. Wata rana muka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Ntonso, kan hanyar Mampong, garin masu buga zanen adinkra. Hatimansu da ƙwarya ake sassaƙa su, baƙin rinin kuma ɓawon wata bishiya ne da suke kira badie, a daka shi a yi ta dafawa har ya yi kauri. Na zaɓi hatimi mai siffar tauraro, don ya dace da na jikin kwabban.

Aikin kansa ya ci mana kwana huɗu. Auta ta shafa wa firam ɗin katako fenti ruwan ƙasa, da ya bushe ta goga kyandir a kusurwoyi, sannan ta bi da farin fenti. Da muka sa samfefa, duk inda kyandir ya taɓa sai farin ya ɓare, na ƙasa ya leƙo, kai ka ce katakon ya shekara hamsin a soro. Kwafin takardar kuwa a ruwan shayi mai kauri muka tsoma shi. Na farko ya lalace a hannuna, tawadar ta narke ta zama kwaɓa, don injin mai tawadar ruwa ne ya buga shi. Sai da muka koma wurin mai injin hoda. Na biyu ya fito jaja-jaja gwanin kyau, muka yage gefensa da hannu maimakon almakashi.

Algarara ce shimfiɗa, saƙi a kanta ta hagu, takarda da hoto a tsakiya, taurarin adinkra a jere ta ƙasa. Auta ta so ta ƙara leshi da furannin roba, na roƙe ta ta bari, domin kayan Kaka ba su buƙatar kwalliyar aro. Kwabban ba mu manna su ba, zare muka zura ta hudar muka ɗinke su, haka ma wurin. Makullin ne ya zo ƙarshe, muka rataye shi da igiyar fata.

Daren da zan tafi aka kafa ƙusa a falo. Gwaggo ta sa tabarau, ta matso, ta daɗe tana bin rubutun da yatsa tana karanta adadin huhuna a hankali. Da ta kai kan makullin sai ta yi shiru. Can ta ce, "Uwata, na ɗakin ajiyar goronsa ne. Da hannunsa ya ba ni a tasha, ya ce in riƙe kafin ya dawo."

Allon yana can a bangonta. Kwabo ɗaya ta ware ta ƙulle mini a bakin mayafi, ta ce in kai wa babanmu.