Godiya ga Baban da ya dawo mini da buhuna

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa da abokan ciniki, musamman waɗanda suka ga cigiyar buhun kayana da ya ɓata a tasha, wadda na yi ta yaɗawa a WhatsApp kafin Babbar Sallah, da waɗanda suka riƙa kirana suna tambayar ko an dace: an dace, Alhamdu lillahi. Kayana sun dawo hannuna cif, ko ƙyalle bai yi ciwon kai ba. Hidimar Sallah da ta bikin mutane ce ta hana ni zama in rubuta wannan da wuri, amma abin yana cina a rai, domin akwai wani bawan Allah a Sabon Garin Zariya da nake jin nauyinsa a wuyana, kuma ba ni da abin da zan saka masa da shi sai in faɗa wa jama'a abin da ya yi.

Waɗanda suka san ni sun san daga gida nake sana'ata a nan Tudun Wada. Atamfa, leshi, shadda, mayafai, in ta kama har haɗa lefe. Ba ni da wani jarin a zo a gani. Yawanci mutum zai zaɓi kaya a hoto, ya turo kuɗinsa, in tara, in tura wa Alhajin da nake saye a wurinsa a Kantin Kwari, shi kuma ya ɗaure ya kai tasha a yi mini webil. Duk mai ƙaramar sana'a a Zariya ya san yadda webil take. Babu rasit, babu wata takarda. Buhu ne za a rubuta lambar wayarka a jiki da maka, a ɗauki hotonsa a turo maka tare da lambar direba. Kano zuwa Zariya tafiyar kamar awa biyu ce, in direba ya wuce Kwanar Ɗangora ko Tashar Yari sai ya kira ka ya ce ka fito. Shekara da shekaru a haka muke, amana kawai ke riƙe da harkar.

Ranar Talata 20 ga Mayu 2025 aka ɗora mini buhu ɗaya babba. A ciki akwai atamfa turmi 24, leshi 8, shadda Getzner yadi goma-goma guda 4, da mayafai. Rabin kayan na lefen gidaje biyu ne, sauran na ɗinkin Sallah, ga Sallar kuma ta matso, ranar Juma'a 6 ga Yuni, teloli sun fara cewa ba za su ƙara karɓar ɗinki ba. Kuɗin kayan ya haura naira miliyan biyu, kuma abin da yake nawa a ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, dala kuma ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura naira 1,500, buhun da a da za ki iya rufe asararsa da adashi ɗaya ya zama abin da zai iya tashinki daga sana'a gaba ɗaya.

A ranar an yi ruwa mai ƙarfi da la'asar. Direba ya kira ni ana tsakiyar ruwan, na ce ya ajiye a tasha wurin da aka saba, zan turo ƙanena da zarar ruwan ya ɗauke. Ko da ƙanena ya isa bayan magariba, babu buhu. Wannan ya ce bai gani ba, wancan ya ce ba shi ya sauke motar ba. Direba ya rantse ya sauke, kuma ya riga ya yi gaba da fasinja.

Kwana biyar ɗin da suka biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya gan su. Ni da maigida babu inda ba mu leƙa ba, Kwangila, Ɗanmagaji, PZ, duk inda motar Kano ke tsayawa ta sauke kaya. Abinci ya gagare ni. Da dare sai in zauna da biro ina lissafin abin da zan sayar, keken ɗinkina, 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini, firji, in haɗa in ga ko rabi bai kai ba. Amma wallahi kuɗin bai dame ni ba kamar abin da za a ce. Mace mai sana'a a waya, ta karɓi kuɗin lefen mutane, ta zo ta ce kaya sun ɓata a tasha. Wa zai yarda? Ni kaina da wata ce ta faɗa mini haka, da sai na yi ɗan jim. Ana cikin haka wani ya ga cigiyar ya kira ni, ya ce buhu yana hannunsa a Kaduna, in turo kuɗin mota. Allah ya taimake ni maigida ya ce ya turo hoto tukuna, daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Shi ya sa ranar Lahadi da hantsi, da wata baƙuwar lamba ta kira, na ɗauka da zafina. Muryar dattijo ce, a natse. Ya yi sallama, ya ce, "Baiwar Allah, ko kina jiran wani saƙo daga Kano?" Na ce ina jira, in kuma kuɗin mota za a tambaye ni, ba ni da shi. Bai ji haushi ba. Ya ce, "'Yata, ni ba kuɗi nake nema ba. Faɗa mini wane irin buhu ne, da me aka ɗinke bakinsa, me ke ciki."

Jikina ya ɗauki rawa. Na ce farin buhu ne mai ratsin kore, an ɗinke bakin da shuɗiyar igiya. Na fara lissafa masa kaya, ina yi muryata na sarƙewa. Da na zo kan leshi na ce guda 8, biyu iri ɗaya ne ruwan zuma domin amarya da ƙanwarta, sai ya ce, "Ya isa. Kayanki ne. Ki zo da maigidanki ko wani muharraminki, ina kasuwar Sabon Gari." Sai daga baya, da hankalina ya dawo jikina, na tuna darasin tsintuwa da aka yi mana a Islamiyya, hadisin Zaidu bin Khalid da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce wanda ya tsinci abu ya san jakarsa da maɗaurinsa, sannan ya yi cigiyarsa shekara guda. Na haddace shi ina yarinya don jarrabawa. Ban taɓa ganin wanda ya aikata shi a gabana ba sai ranar.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, kayan teloli yake sayarwa, zare, zip, maɓalli, allurar keke, man keke, sitif. Mutum biyu ba sa iya tsayawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Yadda abin ya faru kuwa, shi ma an yi masa webil ɗin buhu uku daga Kano a wannan motar, fararen buhuna irin nawa. Yaron shagonsa ya je ɗauka cikin ruwa, aka tura masa huɗu a Keke Napep, shi kuma bai san adadin da aka turo ba, ya kawo ya jibge a sito. Baba bai buɗe ba sai ranar Alhamis da ya zo fito da zare, ya farke baki ya ga shadda. Ya kira mutuminsa na Kano, mutumin ya ce masa uku ya turo.

Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Da ya mayar da buhun sito ya ce in mai shi ya zo ya ba shi, babu wanda zai zarge shi da komai, ni kuwa da har yau ina nema, don ban san shi ba, bai san ni ba. Ranar Juma'a da safe ya rufe shago ya tafi tasha da kansa, bai tarar da waɗanda suka sauke motar ba. Aka ce ya kawo ya ajiye, ya ce a'a, kayan da ya shigo hannunsa ba zai fita ba sai zuwa hannun mai shi. Ya sa aka yi cigiya a masallacin da yake salla. Shiru. Sai ya koma kan lambar da ke jikin buhu. Ruwa ya wanke ta, lambobi tara suna karantuwa, biyun ƙarshe sun zama baƙin dabbare.

Ya nuna mini littafin. Irin ɗan littafin makaranta ne mai shafi 40 da yake rubuta bashi a ciki. A shafin baya ya jera lambobi da hannunsa tun daga 00 har 99, kowace da layinta. Wadda ya kira ya soke ta da biro, a gefe ya rubuta abin da ya samu: a kashe, ba ta aiki, ba shi ba ne, a sake kira. Wani ya zage shi ya kira shi ɗan damfara, wannan ma ya rubuta "ba shi ba ne" kawai. Katinsa ya ƙare ya sake sawa. Tsakanin ciniki da salla yake yi, Juma'a da yamma, Asabar wuni guda, har Lahadi. Ni ce ta 47. Na riƙe littafin nan ina kallon layukan da aka soke, hawaye suka hana ni ganin sauran. Maigida ya tambaye shi, "Baba, da ba a same ta ba har 99 fa?" Ya ce da sai ya koma kan waɗanda ke kashe ya sake bi, in ya gagara ya shiga mota ya je Kwari da hoton buhun, ai wanda ya ɗaure shi zai gane ɗaurinsa.

Buhun kuwa ya ɗora shi a kan katako saboda danshin damina, ya lulluɓe da leda. Ya sake ɗinke inda ya farke, da igiyar da ya kwance, bai yar da ita ba. Ya ce in ƙirga a gabansa. Na ce Baba ba sai na ƙirga ba. Ya ce, "A'a 'yata, ƙirga. Hankalina zai fi kwanciya." Na ƙirga, ya duba da abin da ya rubuta a bayan kwali ranar da ya buɗe, komai ya yi daidai.

Maigida ya ciro tukwici ya miƙa masa da hannu biyu, ya ƙi. Na zaro turmi ɗaya cikin nawa na ce a kai wa Mama a gida, ya ƙi, har ransa ya so ya ɓaci. Ko kuɗin katin da ya ƙona bai karɓa ba. Ya ce shi ma da kuɗin mutane yake juyawa, ya san yadda dare ke yi wa mai bashi tsawo. Na roƙe shi ya bar ni in ambaci sunansa da shagonsa ko teloli sa ƙara sanin wurin, ya ce in ina son zaman lafiya da shi kada in yi. Don haka masu tambayata ta akwatin saƙo ku yi haƙuri, alkawari na ɗauka.

Akwai wasu da su ma sai na gode musu. Yaron shagon, da ya tsugunna yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi sata, alhali cikin ruwa ya yi dakon abin da aka ce nasu ne, kuma shi ya riƙa karanto wa Baba lambobin yana kira. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka naka shagon. Alhajina na Kwari, wanda tun kwana na biyu ya ce in abin ya gagara zai sake ɗaure mini kayan lefen in riƙa biya a hankali, Allah ya ƙara buɗi. Hajiya uwar ango, wadda na kira ina kuka ina tsoron abin da za ta ce, ta ce, "Ki ci abinci tukuna, lefe ba ya gaban lafiyarki." Maganar nan ita ta riƙe ni a kwanakin. Da 'yan uwa mata masu sana'a da suka yaɗa cigiyar har Funtuwa da Kaduna, da maigida da ya bar aikinsa ya yi ta yawo da ni a kan babur cikin ruwa.

Sai direba. Na faɗa masa maganganu a waya waɗanda bai cancanta ba, na kuma zarge shi a zuciyata fiye da abin da na furta. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, ya sauke kayan. Na kira shi na nemi yafiya, ya ce ya yafe, amma tunda a gaban mutane na yi ƙorafin, a gaban mutane nake sake cewa Malam ka yafe mini, ba ka ci mini komai ba.

Yanzu duk buhun da za a ɗaure mini sai na roƙi a rubuta lambata gefe biyu, a kuma saka wata a takarda cikin leda a cusa a ciki. Baba ne ya ba ni shawarar muna tsaye a ƙofar shagonsa ana ɗora buhun a Keke, ya ce abu na farko da ya nema da ya buɗe ke nan bai samu ba. 'Yan uwana masu karɓar webil, ku ma ku riƙa tambayar adadin da aka turo kafin ku aiki yaro.

An kai lefen gida biyun a kan lokaci, teloli sun karɓi ɗinkin Sallah da ƙyar da roƙo, kowa ya sa kayansa. Bayan Sallah na koma gaishe shi da ɗan naman layya, wannan kam ya karɓa, ya ce naman layya ba a mayar da shi. Da zan tafi na sake tambayarsa ko akwai abin da zan yi masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce iyayensa duka sun rasu, in na yi salla in riƙa sa su a addu'a.

To ni kaɗai ba zan iya biyansa ba, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni. Allah ya jiƙan iyayen Baba, ya haskaka kabarinsu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah ya ba shi lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a ɗan shagon nan, ya rufa masa asiri duniya da lahira kamar yadda ya rufa mini nawa. Amin.