Godiya ga waɗanda suka halarci zaman tunawa da Helmuth Duckadam da Steaua ta 1986

Assalamu alaikum. Mu da muka shirya zaman sake kallon wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1986 tsakanin Steaua da Barcelona muna miƙa godiya ga duk wanda ya amsa gayyata. Mun gode wa mai gidan kallo da ya ba mu wuri kyauta, da bawan Allahn da ya zuba wa janareta mai, da dattawanmu da suka jure minti 120 babu ci ko ɗaya. Allah Ya saka da alheri.

Matasa sun yi ta tambaya bayan an tashi, ga amsoshin a taƙaice.

An kafa ƙungiyar a Bukares ranar 7 ga Yuni, 1947, a matsayin ƙungiyar sojojin Romaniya, kuma sai a 1961 aka raɗa mata suna Steaua. Kafin ta kai wasan ƙarshe ta fitar da Vejle da Honved da Kuusysi Lahti, sannan Anderlecht, wadda ta ci Steaua 1-0 a gida amma ta sha 3-0 a Bukares. Masu cewa an samu sauƙi saboda an dakatar da ƙungiyoyin Ingila bayan mummunan rikicin 'yan kallo a filin wasa na Heysel suna da hujja, sai dai Barcelona ma ta ci wannan moriyar.

Ranar 7 ga Mayu, 1986, a birnin Sevilla, kusan duk filin magoya bayan Barcelona ne. Kyaftin Tudorel Stoica bai buga ba saboda dakatarwa, Stefan Iovan ya ɗaura kambun. Koci Emerich Jenei ya tsara wasan ne kan riƙe ƙwallo da kashe zafin abokan hamayya, shi ya sa wasu suka ce kallon ya gundure su. Da aka yi nisa a zagaye na biyu sai ya sako mataimakinsa Anghel Iordanescu, mai shekara 36, don ya kwantar da tsakiyar fili. Shi kuwa kocin Barcelona Terry Venables ya cire Bernd Schuster daf da cikar minti 90, ya rasa ɗaya daga cikin gwanayensa na bugun fenareti.

A bugun fenaretin ne muka fi tsayar da hoto muna maimaitawa. Golan Barcelona Urruti ya tare na Majearu da na Boloni. Golan Steaua Duckadam ya faɗa dama ya tare na Alexanko. Na biyu, Pedraza, ya zaci golan zai sauya ɓangare, sai Duckadam ya sake faɗawa dama ya tare. Pichi Alonso ma dama. A na huɗu ne kawai ya juya hagu ya tare na Marcos. Lacatus da Balint suka ci wa Steaua, aka tashi 2-0, ƙungiya ta farko daga gabashin Turai da ta ɗaga kofin. Gololin unguwa su lura: lissafin abin da mai bugu ke zato ne ya yi aiki a nan, ba tsalle kaɗai ba. Makonni kaɗan bayan haka daskarewar jini a hannun Duckadam ta raba shi da manyan wasanni. Ya rasu a Disamba 2024 yana da shekara 65.

Ga waɗanda suka yi ta neman Gheorghe Hagi a fili, ba ya cikin tawagar 1986. Ya zo daga Sportul Studentesc a 1987, ya ci Dynamo Kiev da bugun tazara a Monaco, Steaua ta ɗauki Super Cup da 1-0. Daga 1986 zuwa 1989 ta buga wasan lig 104 a jere ba a doke ta ba, amma a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1989 AC Milan ta lallasa ta 4-0, Gullit biyu, Van Basten biyu.

Batun FCSB kuma, shari'a ce tsakanin rundunar soja da Gigi Becali, attajirin da ke riƙe da ƙungiyar, kan suna da tambarin Steaua, wadda ta sa ƙungiyarsa ta koma FCSB a 2017, sojoji suka farfaɗo da tasu daga ƙananan rukunoni. Har yau magoya baya na gardamar wa ke da kofin 1986, kamar yadda aka yi ta yi a wajen zamanmu har aka kashe janareta.

Waɗanda suka zo daga nesa, Allah Ya sa kowa ya isa gida lafiya.